Porter, Fanning ko Campbell: wa ɗalibin Girkanci zai bi a kan aikatau?

Shekarun baya na hau mumbari na yi wa'azi a kan Romawa 12:1, inda Bulus ya roƙi 'yan'uwa su miƙa jikunansu hadaya rayayya. Na gaya wa jama'a cewa kalmar Girkanci parastesai, wato miƙawa, tana cikin sigar da ake kira aworis, kuma wannan siga tana nufin aikin da ake yi sau ɗaya tak, ba a sākewa. Haka aka koya mini, haka na faɗa da ƙarfin zuciya. Bayan an tashi sujada wata dattijuwa daga zumuntar mata ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce, "Fasto, ni kam kowace safiya sai na sāke miƙa kaina ga Ubangiji. Ashe duk shekarun nan ba daidai nake yi ba?" Na ce, "Mama, ki ci gaba da abin da kike yi, zan koma in duba." Da na duba sai na tarar ita ce a kan hanya. Aworis bai faɗi sau nawa za a yi aiki ba. Tun 1972 wani malami mai suna Frank Stagg ya rubuta maƙala yana kokawa da yadda masu wa'azi suke ɗora wa wannan siga nauyin da ba nata ba, amma labarin bai iso ajinmu ba.

Duk wanda ya gano irin wannan kuskure yakan nemi littafin da zai gyara masa fahimta, kuma sunaye uku ne za su yi ta fito masa: Stanley Porter, Buist Fanning da Constantine Campbell. Littattafan suna da tsada, lokacin fasto ko ɗalibi kaɗan ne, ga shi mutanen uku ba su yarda da juna a kan manyan abubuwa ba. To wanne za ka fara da shi, kuma a kan ra'ayin wa za ka tsaya?

Mu fara da abin da dukansu suka amince da shi, domin nan ne rabin amfanin yake. Aikatau na Girkanci, ko Helenanci kamar yadda Littafi Mai Tsarki yake kiransa, yana nuna mahangar da mai magana ya zaɓa ya kalli aiki. Ko dai ya kalle shi a dunƙule daga waje, farko da ƙarshe a haɗe, ko ya shiga cikinsa ya nuna shi yana gudana. Aworis shi ne kallo a dunƙule. Firezan, sigar da aka saba ɗauka ta lokacin yanzu, da imfafet, wadda aka saba ɗauka ta aikin da yake gudana a baya, su ne kallo daga ciki. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin da haka yake magana tun yana goye. "Ya gina gida" da "yana gina gida" suna iya zama labarin gini ɗaya, na mutum ɗaya, a shekara ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne inda mai ba da labari ya tsaya. Kuma wanda ya ce "ya gina gida" bai ce an yi ginin cikin ƙiftawar ido ba. A Yohanna 2:20 Yahudawa suka ce shekara 46 aka yi ana gina Haikali, aikatau ɗin kuwa aworis ne, oikodomethe. A Romawa 5:14 mutuwa ta yi mulki tun daga Adamu har zuwa Musa, nan ma aworis ne, ebasileusen. Idan marubuci yana son ya ce "sau ɗaya tak", yana da kalmar da zai sa, wato hapax ko ephapax, kuma ita ce za ka gani a Romawa 6:10 da Ibraniyawa 10:10.

Saɓanin ya fara ne daga maganar lokaci. Porter ya buga littafinsa a 1989, daga binciken digirin digirgir da ya yi a Sheffield ta Ingila, ya ce siffofin aikatau na Girkanci ba sa ɗauke da lokaci sam, ko a jimlar da take ba da labari kai tsaye. A wurinsa aworis ba "shuɗaɗɗen lokaci" ba ne. Lokaci yana fitowa ne daga kalmomin da ke kewaye, irin su "jiya", "yanzu", "a kwanakin nan", da kuma yanayin nassin. Hujjojinsa ba na wasa ba ne. A Markus 1:11 murya daga sama ta ce eudokesa, aworis, alhali farin cikin Uba da Ɗansa ba abin da ya wuce ba ne. A 1 Bitrus 1:24 ciyawa takan bushe, furen yakan kaɗe, duka da aworis, ana maganar abin da ke faruwa kullum. A Romawa 8:30 Bulus ya ce waɗanda Allah ya baratar ya kuma ɗaukaka su, edoxasen, ɗaukakar kuwa muna jiranta tukuna. Sannan ga Markus, wanda ya ba da labarin abin da ya riga ya wuce da sigar firezan sau kimanin 150, kusan rabinsu kalmar "yana cewa". Porter ya ce idan siga ɗaya tana iya zama jiya da yau da gobe, to lokaci ba ya cikin jininta.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1990, littafin Fanning ya fito daga Oxford. Bai ga aikin Porter ba lokacin da yake nasa, shi ma Porter bai ga na Fanning ba, amma sun haɗu a kan cewa mahanga ce ginshiƙi. Sai dai Fanning ya riƙe cewa a jimlar ba da labari kai tsaye, aikatau yana ɗauke da abu biyu, mahanga da lokaci. Aworis da imfafet suna nuna abin da ya wuce, ayoyin da suka kauce kuwa kowace tana da dalilinta: salon karin magana, ko maganar abin da ya tabbata har ana faɗarsa kamar an gama, ko salon mai ba da labari da ke jawo mai sauraro cikin fage.

Campbell, mutumin Ostireliya, ya zo daga baya da littattafai a 2007 da 2008. Ya bi Porter a kan cewa lokaci ba shi ne asalin ma'anar ba, amma ya sa wani abu a gurbinsa, wato nisa da kusanci. Aworis da imfafet suna nuna aiki daga nesa, firezan yana nuna shi a kusa. Abin da ya yi nisa yawanci abin da ya wuce ne, shi ya sa aworis yake yawan zama labarin jiya, amma nisan yana iya zama na wani iri dabam.

A nan nake so mai karatu Bahaushe ya yi hattara, domin kunnensa zai ja shi wajen Porter tun kafin ya auna hujja. A makaranta an koya mana "na tafi" shuɗaɗɗen lokaci ne, "ina tafiya" lokaci mai ci. Amma baƙo yakan miƙe yana gyara hula ya ce, "To, na tafi," ƙafarsa ba ta ko fita zaure ba. Muna cewa "idan ya zo gobe", da siga ɗaya da "ya zo jiya". Muna cewa "jiya da ka kira ina cin abinci". "Na gaji", "na sani", "na gode", duk halin yanzu ne. Hausa ta fi jingina ga mahanga fiye da lokaci, don haka da ka karanta Porter sai ka ji kamar yana bayanin harshen gidanku. Wannan jin yana da amfani ƙwarai, shi ne zai hana ka mamakin Markus 1:11. Amma Girkanci yana da wani abu da Hausa ba ta da shi: ɗan harafin e da ake liƙawa a goshin aikatau, luo ya zama eluon ko elusa. Wannan ɗafi ba ya fitowa a umarni, ba ya fitowa a sauran siffofin da ba na ba da labari ba. Yana fitowa ne daidai inda ake ba da labari kai tsaye, kuma mafi rinjayen wuraren da ya fito maganar abin da ya wuce ake yi. Idan ba lokaci yake nunawa ba, mene ne aikinsa? Amsar Campbell ita ce nisa, amma nisan da kusan kullum yake zama na lokaci, ni ban ga abin da aka ƙaru da shi ba don an canza masa suna. A 2015 masana suka yi taro a Cambridge a kan wannan batu, aka tattara takardunsu a littafin The Greek Verb Revisited na 2016, wanda Steven Runge da Christopher Fresch suka shirya. Yawancin marubutan sun tsaya a kan cewa ɗafin nan alamar abin da ya wuce ne, kuma 'yan ayoyin da suka kauce ba su isa su rushe ƙa'ida ba, tun da kowane harshe yana da irinsu. A wannan gaɓa ina tare da Fanning.

Wuri na biyu da suka rabu ya fi shafar mai wa'azi kai tsaye. Porter ya fi damuwa da tsarin harshe kansa: me ya sa marubuci ya zaɓi wannan siga ya bar waccan. Daga nan ya fitar da ra'ayinsa cewa aworis shi ne shimfiɗar labari, firezan yana jawo abu gaba, fafet kuma, sigar da aka saba cewa tana nuna aikin da aka gama amma sakamakonsa yana nan, yana sa shi a gaban goshi. Ra'ayin yana da daɗin koyarwa, amma idan ka bi shi ido rufe za ka riƙa ganin muhimmanci a duk inda fafet ya fito, har a kalmar oida, "na sani", wadda ba ta da wata sigar firezan da marubuci zai iya zaɓa. Inda babu zaɓi, ba a cewa an zaɓa don a jaddada.

Fanning kuwa ya zauna ya rarraba aikatau iri-iri, ya nuna abin da ke faruwa idan mahanga ta haɗu da kowane iri. Akwai kalmomin hali, kamar zama da rai ko zama matalauci. Akwai na aikin da ba shi da iyaka a cikinsa, kamar tafiya. Akwai na aikin da ke da maƙura, kamar gina gida, da na abin da ke faruwa farat ɗaya, kamar samun abin da ya ɓace. Idan aworis ya hau kalmar hali, sau da yawa yakan nuna shiga halin. Eptocheusen a 2 Korintiyawa 8:9 ba "ya kasance matalauci" kawai ba ne, "ya talauce" ne, Almasihu ya shiga talauci saboda mu, shi da yake mawadaci. Ezesen a Romawa 14:9 ba "ya yi zaman duniya" ba ne, "ya rayu" ne bayan mutuwa. Irin wannan bayani shi ne abincin mai fassara da mai shirya wa'azi, kuma babu wanda ya kai Fanning yawan misalai a kansa.

Haka ma a maganar umarni. An daɗe ana koyar da cewa umarni da firezan yana nufin "yi ta yi", hani da firezan kuma "daina abin da kake yi". Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba. Fanning ya nuna cewa firezan ya fi zuwa a umarnin da ya shafi rayuwa gaba ɗaya, aworis kuma a umarnin wani takamaiman lokaci, sannan addu'o'i sun fi zuwa da aworis. Dubi Addu'ar Ubangiji. A Matiyu 6:11 an ce dos, aworis, tare da kalmar "yau": ka ba mu yau. A Luka 11:3 an ce didou, firezan, tare da "kowace rana": ka riƙa ba mu. Roƙo ɗaya ne, kowane marubuci ya daidaita sigar da kalmar lokacin da ke kusa da ita. Abin lura shi ne "riƙa" ɗin nan da muka sa a Hausa, "kowace rana" ce ta tabbatar mana da shi, ba firezan shi kaɗai ba.

Wannan ya kai ni ga ayar da ta fi kowace wahalar da ɗalibaina, 1 Yohanna 3:9, inda aka ce haifaffe daga Allah ba ya yin zunubi. Hausa tana da siga ta musamman don sabo, "yakan yi", Girkanci ba shi da ita. Firezan ɗaya ne yake ɗaukar "yana yi" da "yakan yi" da "yana ta yi", sai nassi ya raba. Mutane da yawa sukan ce firezan ne, saboda haka ma'anar ita ce ba ya mai da zunubi sana'a. Wataƙila ma'anar ke nan, amma ba sigar ce ta tabbatar ba, domin a 5:16 na wasiƙar an yi maganar ɗan'uwa da aka gani yana zunubi, da firezan ɗin nan dai. Dole hujjar ta fito daga tafiyar wasiƙar gaba ɗaya, daga 1:8 da 2:1 da sauransu. A nan ne na ga amfanin Campbell. Ƙaramin littafinsa na 2008, Basics of Verbal Aspect in Biblical Greek, yana horar da ɗalibi ya bi mataki huɗu a kan kowane aikatau: wace mahanga ce, wane irin kalma ce, me nassin da ke kewaye ya ce, sai a ƙarshe ya yanke irin aikin da ake nufi. Ɗalibin da ya saba da wannan tsari ba zai sāke tsalle daga "firezan ne" zuwa "kullum-kullum" ba.

Sai fafet, inda rigimar ta fi zafi, har mutanen uku suka fitar da littafi guda a 2021 kowa yana kare matsayinsa. Tsohon bayani shi ne aikin da aka gama amma sakamakonsa yana nan. Porter ya ce mahanga ce ta uku mai zaman kanta, mai nuna halin da abu yake ciki. Fanning ya ce abu uku ne a haɗe: aikin da ya riga ya faru, kallonsa a dunƙule, da halin da ya bari. Campbell ya ce fafet ɗan'uwan firezan ne, kallo daga ciki, sai dai kusancinsa ya fi ƙarfi.

Hausa tana taimako a nan fiye da Turanci, domin muna da "an rubuta", da "ana rubutawa", da "a rubuce yake". Muna da "ya zauna", "yana zama", "yana zaune". Gegraptai, wadda Yesu ya amsa wa Shaiɗan da ita a Matiyu 4, "a rubuce yake" ce sak. A 1 Korintiyawa 15:3 zuwa 5 Bulus ya jera: ya mutu, aworis, an binne shi, aworis, an tashe shi, egegertai, fafet, ya bayyana, aworis kuma. A tsakiyar jerin ya canza siga, domin mutuwar da binnewar labari ne da aka ba da a dunƙule, tashin kuwa hali ne da yake nan har yanzu. Bayanin Porter da na Fanning duka suna ɗaukar wannan aya ba wahala. Na Campbell yana tafiya daidai da kalmomi irin su oida da hesteka, "ina tsaye", amma gwada shi a bakin Bilatus a Yohanna 19:22, ho gegrapha gegrapha. An riga an kafa allon a kan gicciye, manyan firistoci suna neman a canza, shi kuwa ya ce abin da na rubuta na rubuta. Ba yadda za a yi ya zama "abin da nake rubutawa". Ko 2 Timoti 4:7, inda bin ra'ayin zai mai da "na gama tseren" ya koma "ina gama tseren", alhali a aya ta 6 Bulus ya ce lokacin tashinsa daga duniya ya yi. A kan fafet ban bi Campbell ba, kuma ina gaya wa ɗalibai haka tun ranar da na miƙa musu littafinsa.

Sauran maganar ta aljihu ce da ta lokaci. Littafin Porter na 1989 ya haura shafi 500, cike yake da kalmomin ilimin harsuna na mazhabar wani masani mai suna Halliday, wanda bai taɓa shiga wannan fage ba zai sha wuya tun babin farko. Mai son jin ra'ayinsa a sauƙaƙe ya nemi Idioms of the Greek New Testament na 1992. Na Fanning ya haura shafi 400, Turancinsa ya fi sauƙin bi, amma tsadarsa takan sa sai a laburaren makarantar tauhidi ake samunsa. Sauƙin da aka samu shi ne babban nahawun Daniel Wallace na 1996, wanda ya fi yawo a hannun ɗalibai, ya bi sahun Fanning a yawancin abin da ya faɗa game da aikatau, su biyun ma a makaranta ɗaya suka koyar a Dallas ta Amurka. Na Campbell bai kai shafi 200 ba, yana da aikin gwaji, mutum zai iya gama shi a hutun zango ɗaya.

Saboda haka ga shawarata. Idan ka gama shekarar farko ta Girkanci, kuma abin da kake so shi ne ka daina yi wa nassi ƙari a wa'azi, fara da ƙaramin littafin Campbell don matakan nan huɗu, ka riƙe a ranka cewa babinsa na fafet ra'ayinsa ne, yawancin masana ba su bi shi ba. Idan aikinka fassara ne, ko kana koyar da tafsirin Sabon Alkawari, Fanning ne abokin zamanka, ko kai tsaye ko ta hannun Wallace, domin tambayar da za ka riƙa yi kullum ita ce "ya yi" zan sa, ko "yana yi", ko "yakan yi", ko "ya fara yi", kuma shi ne ya fi amsa ta. Porter na wanda zai rubuta kundin digiri ne a kan batun, ko wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa yana son a girgiza shi. Ba na ba sabon ɗalibi shi, domin na ga waɗanda suka fito daga cikinsa suna shakkar ko aworis ɗin da ke labarin gicciye ma yana nufin abin ya faru a baya, abin da Porter kansa bai taɓa musu ba. Littafin 2016 kuwa sai bayan ka san mutanen uku, lokacin ne za ka gane da wa ake jayayya.

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe Markus 5:35 zuwa 43 da Girkanci, labarin 'yar Yayirus, ka ɗauki biro kala uku. Za ka ga firezan ya yi jerin gwano: suna zuwa, yana cewa, yana gani, yana shiga inda yarinyar take. Masu makoki suna yi masa dariya da imfafet, kategelon. A aya ta 42 sai aneste, aworis, ta tashi, nan take kuma periepatei, imfafet, tana takawa. Fassara wurin da Hausa irin ta mai ba da labari a dandali, ka lura da inda bakinka ya ce "sai ta", da inda ya ce "tana". Sannan ka ɗauki Luka 8:49 zuwa 56, inda labarin ɗaya ne amma Luka ya mai da kusan duk firezan ɗin Markus zuwa aworis, ka rubuta a gefen takarda abin da kake ganin ya canza a ma'ana da abin da bai canza ba. Da wannan takarda a hannu za ka shiga littafin da ka zaɓa.